Kauce wa Maimaita Gwaji Wajen Harhaɗa Manhaja: Misali Daga Manhajar Harsuna

1.0 Gabatarwa

Manhajar kwamfuta da ake yi wa gyara a kai a kai takan kasance tare da jerin gwaje-gwaje, wato ƙananan umarni masu tabbatar da cewa sabon gyara bai ɓata abin da yake aiki a da ba. A tsarin harhaɗawa mai sarrafa kansa, kwamfuta ce ke gudanar da su da zarar an taɓa wani fayil. Idan suka yi yawa, maimaita su duka saboda ɗan ƙaramin gyara yakan cinye lokaci da wutar lantarki. Wannan maƙala ta duba yadda ake tsallake gwajin da ba a buƙata, da sharaɗin da ke sa tsallakewar ta inganta.

2.0 Hanyoyi Biyu

Hanya ta farko ta dogara ne a kan lokaci. A shekarar 1976 Stuart Feldman ya ƙirƙiro manhajar Make a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. Make tana kwatanta lokacin da aka gyara fayil da lokacin da aka samar da sakamakonsa. In sakamakon ne ya zo daga baya, sai ta bar aikin. Rauninta shi ne, ko fayil ɗin sake adana shi kawai aka yi ba a canza ko harafi ɗaya ba, za ta ɗauka an yi gyara.

Hanya ta biyu tana duba abin da ke cikin fayil. Manhajar Bazel, wadda kamfanin Google ya sake wa jama'a a 2015, tana lissafa wa kowane fayil wata lamba mai kama da hatimi, wadda ke sauyawa idan abin da ke ciki ya sauya. Muddin hatiman fayilolin da gwaji ya dogara a kansu suna nan yadda suke, sai ta kawo sakamakon da ta adana.

3.0 Misali

A Jalingo, hedikwatar Jihar Taraba tun kafuwarta a 1991, ana jin Hausa da Fulfulde da Mumuye. A ƙaddara cewa an yi manhajar duba ƙa'idar rubutu ta waɗannan harsuna, kowanne da jerin kalmominsa da gwaje-gwajensa, amma teburin haruffa ɗaya suke amfani da shi. Idan aka ƙara kalmar "ƙwarya" a jerin Hausa, gwajin Hausa kaɗai ya wajaba. Idan kuwa aka sauya matsayin ɓ ko ɗ a teburin, dole a gwada Hausa da Fulfulde, domin duka biyun suna rubuta waɗannan haruffa.

A nan haɗarin yake. Idan mai tsara aikin ya manta bai bayyana cewa gwajin Fulfulde ya dogara a kan teburin ba, tsarin na iya tsallake shi ya nuna tsohon sakamako, alhali manhajar ta fara ɗaukar sahihan kalmomi masu ɓ a matsayin kuskure. Shi ya sa Bazel take killace kowane gwaji, ta hana shi ganin fayil ɗin da ba a ambata ba, domin mantuwar ta fito fili tun da wuri.

4.0 Kammalawa

An ga cewa tsallake gwaji yana inganta ne gwargwadon cikar jerin abubuwan da gwajin ya dogara a kansu. Tsara wannan jeri a manhajar harshe aiki ne da ke buƙatar masanin harshe, domin shi ya san harafin da harsuna biyu suka yi tarayya a kansa, da wanda ya keɓanta ga ɗaya, kamar ƙ a Hausa da ŋ a Fulfulde. Duk da haka, yana da kyau a riƙa gudanar da gwaje-gwajen gaba ɗaya lokaci-lokaci, musamman kafin a miƙa manhajar ga masu amfani da ita.