Kafin A Sayi Sabon Gilashin Kwamfuta

Tun da aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Wudil cikin 2001, wadda aka raɗa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama abokiyar zaman ɗalibai. To, ba abin da ke kaɗa hantar ɗan ajin ƙarshe kamar ya ga fuskarta ta kama ƙyaftawa, ga shi saura mako ya miƙa kundinsa.

Waɗansu nan take sai su nufi Kano a sake gilashi. Wannan kuwa gaggawa ce mai cin kuɗi.

Da fari, a kwafe kundin a filashi. Sa'an nan a zare caja, domin wutar janareta mai hawa da sauka kan jawo haka. In ba ta daina ba, a motsa murfin a hankali. Idan ƙyaftawar na sauyawa, galibi siririyar wayar nan da ta ratsa ta mahaɗin murfi ce ta saki ko ta goge, gyaranta kuwa bai kai kuɗin gilashi ba. Har ila yau a jona ta da talabijin ta wayar HDMI. In can ma hoto na rawa, gilashi ba shi da laifi, sai a binciki manhajar da ke sarrafa hoto.