Daren Kallo a Gidajen Hausawan Gadarif

Gadarif garin noma ne a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Tun shekarun 1940 da aka fara noman tarakta a filayensa, riɗi da dawa ne ke juya rayuwar mutanen wurin. Hausawan garin, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, da damina suna gona. Sai an yanke riɗi, kuɗi ya shigo hannu, sannan dare ya zama na hira da kallo.

A zamanin kaset da faifan CD, saurayin da aka aika shagon haya ba ya zaɓa wa kansa shi kaɗai. Talabijin ɗaya ce, tsakar gida kuwa cike take da maƙwabta, don haka yakan haɗo finafinai biyu ko uku waɗanda ba su da dangantaka da juna: na Indiya saboda mata, na faɗa irin na Bruce Lee ko Jackie Chan saboda samari, wani lokaci da na barkwancin Adil Imam na Masar. In azumi ya zo, Arrisala ake nema, fim ɗin da Mustafa Akkad ya yi a 1976 kan farkon Musulunci.

Bayan sallar isha ake shimfiɗa tabarmi. Yara su yi sahu a gaba, tsohuwa ta kishingiɗa a gadon igiya, uwar gida tana soya bun, wato gahawa, a kan garwashi, ta daka, ta zuba a jabana, butar dafa ta. Idan fim ɗin Indiya ne mai rubutun Larabci a ƙasa, ɗan makaranta ne tafinta. Ya karanta, ya juya wa kakarsa da Hausa, ita kuma ta tsine wa mugun uba tun kafin ya gama magana.

Daɗin abin yana wajen musun da ke biyo baya. Na Canis ba a daɗe a kansa, an ga akta ya kashe bos, magana ta ƙare. Na Masar an ji harshensa an yi dariya, amma akwai wuraren da sai an wuce da sauri saboda yara. Na Indiya ne ke jan zance, domin auren dole da biyayyar iyaye da kunyar surukai abubuwa ne da kowa ya sani a gidansu.

Fim ɗin Hausa kuwa ma'auninsa daban ne. Lokacin da irin su Sangaya da Wasila da finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro suka yaɗu, wanda aka haifa a Gadarif, bai taɓa taka Kano ba, ya ga yadda ake kai lefe, yadda ake durƙusawa a gaida babba, ya ji Hausar da ba ta cuɗanya da Larabci ba. Dattijo zai ce a mayar da wani wuri baya don jikansa ya ji karin maganar da shi ya ji a bakin mahaifinsa. Amma waɗannan 'yan kallo ba su da saurin ruɗuwa. Wanda ya gama kallon Shah Rukh Khan yanzun nan, da an sako rawa da waƙa a fim ɗin Hausa ya san inda aka aro ta, kuma zai faɗa. A ganina gaskiyarsu ce. Mai neman ganin gida ba kwafin Bombay yake so a nuna masa ba.

Yau shagon haya ya koma wurin tura fim a waya, ga Arewa24 tun 2014, ga Labarina da Izzar So ana bi ta intanet. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya cika Gadarif da 'yan gudun hijira, ya ƙuntata wa kowa.

Ga masu shirya fim na Kano nake kira: ku sa fassarar Larabci a ayyukanku saboda yaran da Hausarsu ta yi rauni, kuma ku ɗauki labarin Mai Wurno, ɗaya daga cikin jagororin waccan hijira ta gabas, da na tafiyar hajji a ƙasa ku yi masa fim. Masu kallonsa suna nan a Gadarif.