Iyakar Girman Fayil da Adana Tarihin Baka na Gobir

Manazarcin da ya naɗi doguwar hirar bidiyo da dattawan Kurawa, Sabon Birni ko Isa a kan faɗuwar Alƙalawa a 1808 yakan tarar fayil ɗin ya ƙi shiga filash, alhali da sauran gurbi. Galibi musabbabin hakan shi ne tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4. Mafita ita ce mayar da filash ɗin exFAT ko NTFS, bayan an kwashe abin da ke ciki, domin fomatin yana share komai. A Linux kuwa, umarnin ulimit -f ke nuna iyakar da aka gindaya wa mai amfani. Wajibi ne a tantance waɗannan kafin fita bincike, domin dattijon da aka zanta da shi bana ba lalle a same shi baɗi ba.