MAHAYAN BABUR MARAR BIRKI

Duk wanda ya san Dole Kaina ya san garin ruwa ne, garin iyaka ne, garin kasuwa ne. Kogin Kwara yana gabanmu, ƙasar Nijar tana jikin gidajenmu, in ka haye ruwa zuwa Lolo a ƙasar Bagudo kuwa, kaɗan ya rage ka taka Jamhuriyar Benin. A yau kuma garin babur ne. Babur ke kai mai naƙuda asibiti a Kamba, shi ke ɗauko buhun shinkafa daga fadama, shi ke kai ɗan kasuwa Gaya, har cikin jirgin ruwa a kan ɗora shi a haye da shi. Mu da mutanen Nijar muna ce da masu hayarsa 'yan kabu-kabu, a Kano 'yan acaɓa, a Benin kuwa zemijan, watau "kai ni da sauri" da harshen Fon.

To, saurin nan shi ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata. Samarinmu suna son gudu, ba kuwa sabon abu ba ne, gama haka ƙuruciya ta ke. Ranar kai amarya sai ka ga an ɗaga tayar gaba, an saki hannu, an murɗa totur har ƙarshe a tsakiyar gari. Waɗansu kan koma gida suna dariya, waɗansu a kan kai su wurin mai ɗori, waɗansu kuwa sai makabarta. Saboda haka muka ga ya kyautu mu ba ku labarin waɗansu mutanen da, waɗanda gudu a kan babur shi ne sana'arsu. Baburansu ko birki ba su da shi. Ku karanta tare da 'ya'yanku maza.

INDA WASAN YA FITO

Turawa suna kiran wasan sifidwe. Yawancin masu tarihinsa suna ƙirga farkonsa daga watan Disamba 1923, a garin West Maitland na ƙasar Ostareliya. A can wani mutum mai suna Johnnie Hoskins ya shirya tseren babura a filin nunin amfanin gona, inda dawaki suka saba zagayawa. Jama'a suka so abin ƙwarai. A watan Fabrairu 1928 aka yi shi a High Beech kusa da Landan, dubban mutane suka taru, daga nan ya bazu cikin Ingila kamar wutar daji. A 1936 aka yi gasar duniya ta fari a babban filin Wembley, Lionel Van Praag na Ostareliya ya ci. A gasar ƙarshe da aka yi a Wembley a 1981, wadda Bruce Penhall na Amurka ya ci, an ce 'yan kallo sun fi 90,000. Wasan ya iso Afirka ta Kudu da Rodeshiya, wadda ta zama Zimbabuwe. A yau ƙasar Folan ce ta fi kowa riƙe shi.

YADDA A KE YINSA

Filin da'ira ne mai siffar ƙwai, zagayensa wajen mita 300 ko 400, an shimfiɗa masa marmara da tsakuwa ƙanana, an kewaye shi da shinge. Mutum 4 ke tashi tare, su zagaya sau 4, kullum suna shan kwana ta hagu. Cikin kamar minti ɗaya an gama. Na ɗaya ya sami maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ba kome.

Babur ɗin kuwa abin mamaki ne. Injinsa babba ne, ƙarfinsa ya ninka na baburan hayarmu sau da yawa, ba ya shan fetur sai wani mai da a ke kira metanol. Giya ɗaya tak ke gare shi, ba fitila, ba ƙaho, ba birki. A miƙaƙƙiyar hanya ya kan wuce kilomita 100 a awa. To, ƙaƙa a ke shan kwana? Mahayi ya kan karkatar da babur, ya bar tayar baya ta sulɓe gefe tana watsa ƙasa, ya miƙa ƙafar hagu gaba tana goga ƙasa. Domin haka a ke ɗaura wa takalmin hagu tafin ƙarfe. Da totur da nauyin jikinsa ya ke sarrafa gudun duka.

Wanda ya ji wannan zai ce wasan mahaukata ne. Amma ku dubi dokokinsa. Ba mai shiga fili sai da hular kwano, da rigar kāre jiki, da safar hannu, da dogayen takalma. Kowane mahayi yana da launin hularsa, ja, shuɗi, fari ko rawaya, don alƙalin wasa ya rarrabe su. Ana duba babur kafin a tashi. Akwai igiya daga wuyan hannun mahayi zuwa inji, da ya faɗi sai igiyar ta fizge, inji ya mutu nan take. Likita da motar asibiti suna tsaye a bakin fili. In wani ya faɗi a wurin hatsari alƙali ya kan kunna jar fitila kowa ya tsaya, wanda ya jawo faɗuwar kuma a fitar da shi. Ba yaro a hanya, ba akuya, ba tsohuwa da tallan fura, ba mota mai zuwa daga gaba.

ZAKARUN DA

Akwai gari guda a ƙasar Niyu Zilan, sunansa Christchurch, wanda ya ba duniya zakaru uku. Ronnie Moore ya ci gasar duniya a 1954 da 1959. Barry Briggs ya ci sau 4, a 1957, 1958, 1964 da 1966. Ivan Mauger ya ci sau 6, a 1968, 1969, 1970, 1972, 1977 da 1979. Ku haɗa ku gani, kambi 12 ke nan daga gari ɗaya.

Labarin Mauger ya isa a faɗa wa kowane saurayi. Ya zo Ingila a 1957 yana ɗan shekara 17, da amaryarsa, yana zaton zai yi suna nan da nan. Bai yi ba. Ya sha kaye, ya koma gida. Sai a 1963 ya komo, ya shiga ƙungiyar Newcastle, ya soma hawa tsani daki-daki. Shekara 11 ke tsakanin zuwansa na fari da kambinsa na fari. Abin da aka san shi da shi shi ne shiri. Baburansa tsaf, kayan aikinsa a jere, ya kan nazarci fili da abokan takara tun kafin a tashi. Da ya ci sau uku a jere a 1970, waɗansu masoyansa Amurkawa suka shafe baburinsa da zinariya, aka ba gidan tarihi na garinsu ajiyarsa. Ya ci kambinsa na ƙarshe yana gab da shekara 40, ya ga jikoki, ya rasu a 2018 yana da shekara 78.

Sai Ove Fundin na ƙasar Suwidin, wanda ya yi wa ƙungiyar Norwich wasa shekaru da yawa, ya ci sau 5 tsakanin 1956 da 1967. Bayansu Ole Olsen ya buɗe wa ƙasar Denmak ƙofa, ya ci a 1971, 1975 da 1978, samarin ƙasarsu kamar Erik Gundersen da Hans Nielsen suka bi sawunsa.

WAƊANDA ABIN YA RUTSA DA SU

Kada mu ɓoye muku, duk da dokokin nan wasan ya ci mutane. Peter Craven mutumin Liverpool ne, ɗan gajere, gwanin daidaita jiki a kan babur, zakaran duniya a 1955 da 1962. A watan Satumba 1963 yana tsere a Edinbara, sai injin wanda ke gabansa, George Hunter, ya cije, Hunter ya faɗi. Waɗanda suka ga abin sun ce Craven ya kauce don kada ya bi ta kansa, sai ya daki shinge. Bayan kwana huɗu ya rasu a asibiti yana da shekara 29, ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. Har yau masu son wasan suna tunawa da shi, ba don kambinsa biyu kaɗai ba.

Wannan kaucewa ba ta faɗo masa daga sama ba. Cikin abubuwan fari da a ke koya wa sabon mahayi akwai yadda zai kwantar da baburinsa ƙasa da gangan in ɗan'uwansa ya faɗi a gabansa. Gara ya goge jikinsa ya rasa maki, da ya taka mutum.

Erik Gundersen kuwa ya ci gasar duniya a 1984, 1985 da 1988. A watan Satumba 1989 ya yi mummunan hatsari a Bradford, ya ji ciwo a wuya, har aka fid da tsammani. Likitocin da ke bakin fili suka ceci ransa. Bai ƙara tsere ba, amma ya tashi, ya koma yana koya wa yaran ƙasarsu hawa. Irin waɗannan hatsarori su suka sa daga baya aka fara jingina katifun iska a jikin shinge a wajen kwana. Mutanen nan in sun yi rashi su kan zauna su tambayi abin da ya jawo, su gyara.

MU DA NAMU BABURA

Iyayenmu ma sun yi zamanin babur. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti da yawa suka sayi Honda, Suzuki, Yamaha ko Vespa, maƙwabtanmu na Nijar da Benin kuwa suna kan Mobylette. Mai babur a lokacin ya kan wanke shi ran Asabar, ya duba baƙin mai, ya shigar da shi zaure da dare. Babur ɗaya ya kan yi shekara 20 a gida. Yau Bajaj da Jincheng sun cika ko'ina, yaro ɗan shekara 13 yana ɗauke da mutum uku da jarka, ƙafarsa da ƙyar ta ke kai ƙasa.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa a 1988. A watan Janairu 2009 ta soma tilasta sa hular kwano, sai waɗansu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a kai don su ruɗi ma'aikata. An yi ta dariya, amma ƙwarya ba ta tare kwalta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa raunin kai shi ya fi kashe masu babur. Kun ga bambancin ke nan. Zakaran duniya, wanda ya fi kowa iya hawa, bai taɓa ganin hula ta rage masa jarumtaka ba. Ɗanmu da ya koya jiya shi ke cewa hula ta matsorata ce.

Ba sai mun je Turai kafin mu gane wannan ba. Ku tuna da hawan salla. In mahaya za su yi jahi a kan share musu fili, dogarai su kori yara gefe, su sako dawaki a guje, su ja linzami daidai gaban sarki. A wurin tsayawar nan a ke gane gwani. Mu mutanen bakin kogi kuma mun san karin maganar nan, iya ruwa fid da kai. Sarkawa ba su yabon wanda ya faɗa tsakiyar Kwara da ƙarfi, sai wanda ya fito.

ABIN DA YA RAGE GA IYAYE

Uba, in za ka saya wa ɗanka babur, ka sa kuɗin hula cikin lissafi tun a kanti, hula biyu, tasa da ta wanda zai goya. Kada ka ba da makulli ga yaron da bai kai shekarun samun lasin ba, kome nacinsa. Ka kai shi wurin bakanike ya koyi duba birki da taya da sarƙa da fitila. Uwa, ke kika fi kowa sanin lokacin da idon ɗanki ya sāke. In ya soma shan ƙwaya wai don ya jure doguwar hanya, kada ki rufa masa asiri. A wasan da muka ba ku labari ana gwada mahaya, a 2014 ma an dakatar da Darcy Ward na Ostareliya, ɗaya daga gwanayen lokacin, wata 10 don an sami barasa a jikinsa ranar gasa.

Masu biki kuma, ku ne masu gayya, maganarku a ke ji. Ku faɗa wa abokan ango tun da wuri cewa a raka amarya a hankali, wanda ya ɗaga taya a bar shi a baya. Shugabannin 'yan kabu-kabu suna da iko a tasharsu, suna iya hana layi ga wanda ba shi da hula ko birki. Mu malamai ma muna da rabonmu, gama yawancin masu hawan nan ta azuzuwanmu suka bi. Minti goma a taron safe ya isa a nuna wa yara yadda a ke ɗaura igiyar hula a haɓa.

Mahayan da sun hau babur marar birki, amma sun kewaye kansu da doka ta kowane gefe, shi ya sa da yawansu suka tsufa a gidajensu. 'Ya'yanmu suna da birki biyu, na hannu da na ƙafa. Sauran mu koya musu lokacin da a ke taka shi.