Tsohuwar ƙwayar lantarki: kyan fuska ba ya nuna lafiyar ciki

Kowace rediyo, talho ko kwamfuta tana aiki ne da ƙwayoyin lantarki, wato ƴan gutattsarin silikon da aka rufe cikin baƙar roba, da ƙafafuwan ƙarfe a gefe. Idan na'ura ta mutu, ba a barin ƙwayoyinta su tafi banza. A Guiyu, cikin lardin Guangdong na ƙasar Sin, a shekarun baya an daɗe ana gasa allunan tsofaffin na'urori har dalma ta narke, a cire ƙwayoyin, a wanke, a kankare sunansu, a buga wani, a sayar tamkar sababbi.

A shekara ta 2012, kwamitin harkokin soja na majalisar dattawan Amurka, ƙarƙashin Carl Levin da John McCain, ya bayyana cewa ya gano batutuwa 1,800 na kayan da ake zargin jabu ne, guda fiye da miliyan 1. Wasu sun kai har cikin jiragen soja kamar C-130J.

Haɗarin shi ne, ƙwayar da ta sha wuta tana iya aiki yau ta mutu gobe. Raɓar da ta shiga robar takan zama tururi ta tsage ta daga ciki. Ɗan tartsatsin lantarki daga hannun mutum kan raunana silikon ba tare da alama ba.

Don haka masu awo ke bi daki-daki. Da farko su duba da madubin ƙara girma, su goge bayan ƙwayar da asiton: sabon fenti yakan fita. Sannan su ɗauki hotonta irin na ƙashi a asibiti, don ganin ko siraran wayoyin ciki sun tsinke. Na'urar sauti mai ƙarfi tana nuna inda roba ta rabu da silikon. Sai a sa wa kowace ƙafa wuta, a gwada amsarta da ta ƙwaya mai lafiya. Wasu a bar su suna aiki cikin zafin digiri 125, raunana su faɗi. Kaɗan kuma a narkar da robarsu da asid a karanta tambarin kamfani a jikin silikon. Waɗannan sun lalace ke nan.

Awon yana da tsada, wani lokaci ya fi kuɗin ƙwayar kanta. Mai gyaran rediyo yana iya canza ta idan ta mutu. Matuƙin jirgi yana sama, ba shi da wannan dama.