Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Sauraren Ƙarar Bindiga

Ko ka san cewa a filayen wasan harbi akwai wata 'yar na'ura da ba ta cika tafin hannu ba, wadda ba ta da aikin yi sai sauraro? Alƙalin wasa ne ke riƙe da ita a bayan maharbi. Zai tambaye shi ko ya shirya, sannan ya danna maɓalli. Na'urar za ta ɗan yi jinkiri, sai ta yi wata siririyar ƙara. Daga wannan ƙarar agogonta ya fara lissafi. A cikinta akwai makirfo mai jin tashin bindiga, kuma duk harbin da aka yi sai ta rubuta lokacinsa har zuwa kashi ɗaya bisa ɗari na sakan.

Abin da ya sa maharba suka ɗauke ta da muhimmanci shi ne ba jimillar lokaci kaɗai take bayarwa ba. Tana rarraba shi gaɓa-gaɓa. Lamba ta farko tana nuna tsawon lokacin da mutum ya ɗauka daga jin ƙara zuwa zaro ƙaramar bindiga daga kubenta, ɗaga ta, daidaita saiti da sakin harsashi na farko. A cikin wannan ma, kimanin ɗaya bisa biyar na sakan yana tafiya ne kafin jiki ya amsa abin da kunne ya ji. Lambobin da ke biye suna nuna tazarar da ke tsakanin harbi da harbi. Idan aka ga wata tazara ta yi tsawo a tsakiya, to nan ne aka cire gidan harsashin da ya ƙare aka zura sabo. Da agogon hannu alƙali zai iya cewa wane ya gama cikin sakan goma, amma ba zai iya cewa a ina sakan biyu suka salwanta ba. Na'urar tana da nata rauni: a rufaffen ɗaki amsa-kuwwa kan ruɗe ta, haka ma harbin maƙwabci, shi ya sa ake iya rage mata kaifin ji. Ana kuma iya saita ta ta yi ƙara ta biyu bayan wani ƙayyadadden lokaci, abin da masu motsa hannu da bindigar da babu harsashi a cikinta ke amfani da shi.

Cikin darussan da aka fi gwadawa da ita akwai wanda ake kira El Presidente, wanda wani tsohon sojan Amurka, Jeff Cooper, ya yaɗa. Alluna uku ake kafawa a nisan kusan mita 10. Maharbi ya juya musu baya. Da jin ƙara sai ya juyo, ya zaro bindiga, ya sa wa kowane allo harsashi biyu, ya sauya gidan harsashi, ya sake sa wa kowane biyu. Harsasai 12 ke nan, kuma ma'aunin da aka saba ɗauka shi ne sakan 10. Cooper ne ya zama shugaban farko na ƙungiyar irin wannan wasan harbi ta duniya, IPSC, da aka kafa a 1976. Lissafin makinta yana da hikima: ana raba maki da lokaci. Tsakiyar allo maki 5 ce, kuskure kuma yana cin maki 10. Wanda ya dasa duka 12 a tsakiya cikin sakan 10 ya sami 60 a raba 10, wato 6. Wanda ya gama cikin sakan 7 amma biyu suka kauce, makinsa 50 ne a cire 20, saura 30, a raba 7, bai kai 4.3 ba. Ya riga abokinsa gamawa da sakan uku cur, ya kuma sha kaye. Faransa ta yi fice a wannan fanni ta hannun Éric Grauffel, wanda ya fara zama zakaran duniya a 1999 a Cebu ta ƙasar Filifin, ya kuma maimaita sau da dama. A 2017 Faransa ce ta karɓi gasar duniya a Châteauroux.

Amma harbi a kan lokaci ya girmi na'urar nesa ba kusa ba, kuma a Faris yana da tsohon gida. A ƙarni na 19, maƙeran bindiga na Gastinne-Renette, waɗanda gidansu ya samo asali tun 1812, suna da ɗakin koyon harbi kusa da titin Champs-Élysées. Masu zuwa can manyan gari ne, 'yan siyasa da hafsoshi da 'yan jarida, domin a wancan zamani idan an ci mutuncin mutum yakan ƙalubalanci wanda ya zage shi su fita fili da bindiga a gaban shaidu. Agogon wannan fito-na-fito muryar mutum ce. Kowa ya riƙe bindigarsa baki ƙasa, shugaban fili ya tambaya ko an shirya, ya ce wuta, sannan ya ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ba a harbi kafin umarni, ba a yi bayan uku. Abin da ake koya a ɗakin ke nan, a kan allon ƙarfe mai siffar mutum. A watan Disambar 1892 Georges Clemenceau, wanda aka san shi da iya saiti kuma daga baya ya zama firaministan Faransa, ya fita fili da Paul Déroulède. Kowannensu ya yi harbi uku, babu wanda ya sami ko ƙwarzane. Al'ada ce mai muni da ta ci rayuka a kan maganar da sulhu zai iya kashewa, kuma alheri ne da ta mutu ta bar wa wasa ƙirgenta.

Liyon ta Faransa kuwa ita ce ta karɓi gasar harbi ta duniya ta farko a 1897, ko da yake ta doguwar bindiga ce a mita 300. Ƙaramar bindiga ta shigo gasar ne a 1900 a Faris, Liyon ta sake karɓar baƙi a 1904.

Magajin wancan ƙirge na ɗaya, biyu, uku yana nan a wasannin Olamfik, a gasar harbin sauri ta mita 25. Har yau maharbi yana jiran umarni ne da hannunsa a sunkuye, a kusurwar digiri 45, kuma da hannu ɗaya yake harbi. Alluna biyar ne a jere, kowane harsashi ɗaya. Zagayen farko sakan 8 ake bayarwa, sai 6, sai 4. A da allunan juyawa suke yi, su fuskanci maharbi sannan su ba shi gefe idan lokaci ya cika. Yanzu fitila ce, ja da kore, allon kuma da kansa yake auna inda harsashi ya ratsa. Da'irar maki goma faɗinta santimita 10 ne kacal. Ka yi tunanin sakan 4: a ciki za a ɗaga hannu, a tsayar da ido, a ja kunama sau biyar, ana matsawa daga allo zuwa allo. A wasan ƙarshe kuwa kowane zagaye na sakan 4 ne, kuma harbin da bai kai maki 9.7 ba ana ƙirga shi kuskure ne. Jean Quiquampoix, haifaffen Faris, ya ci azurfa a Rio a 2016, sannan ya ci zinariya a Tokyo da samu 34 cikin 40. Da Faris ta karɓi wasannin a 2024, a Châteauroux aka yi harbin, Li Yuehong na ƙasar Sin ya ɗauki zinariyar.

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan gasa na Károly Takács ne, sojan Hungary. A 1938 gurneti ya fashe masa a hannun dama, hannun da yake harbi da shi. Ya koma ya koya wa hagu daga farko, ya ci zinariya a Landan a 1948, ya sake ci a Helsinki a 1952. Wannan ya nuna cewa abin da ake gani kamar baiwar hannu, yawancinsa maimaici ne mai tsari.

Jami'an tsaron Faransa sun ɗauki darasin. Rundunar jandarmomi ta musamman, GIGN, wadda ta fara aiki a 1974 kuma take zaune a Satory kusa da Faris, ta shahara da bindiga mai juyi ƙirar Manurhin MR 73, mai cin harsashi shida kawai. Christian Prouteau, kwamandanta na farko, ya gina horon ne a kan cewa harsashi kaɗan yana tilasta wa mutum ya san inda kowanne zai sauka. Sababbin dakaru sukan yi abin da suke kira harbin amana: ɗaya ya sa rigar sulke da ɗan faifan yumɓu a ƙirji, abokinsa ya fasa faifan daga mita 15. A yau kamfanin Chapuis ne ke ƙera wannan bindiga a Saint-Bonnet-le-Château, kudu maso yamma da Liyon.

Na san mai karatu a Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi ba wasa ne ke fara zuwa masa a rai ba idan an ambaci bindiga, kuma yana da dalili. A Faransa ma ɗan wasa ba ya mallakar ƙaramar bindiga sai yana cikin ƙungiyar harbi ta ƙasa, ya sami izinin hukuma, yana kuma da akwatin ƙarfe na ajiya. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa ta cikin waɗanda aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa. Abin da nake so mu ɗauka shi ne batun jami'in da gwamnati ta rataya wa makami ta tura shi cikin jama'a. Duk lokacin da aka ji an ce harsashin kuskure ya sami wani a shingen bincike, tambayar da ya kamata a yi ita ce yaushe rabon wannan jami'i da filin horo, kuma wa ya auna shi. Ƙa'idar 'yan sandan Faransa ita ce zama uku na harbi a shekara, harsasai 90 gaba ɗaya, kuma kotun binciken kuɗin gwamnati ta ƙasar ta taɓa gano cewa da yawansu ba sa cika ko wannan.