Bado: furen da ke kwana cikin laka yana jiran Komadugu

Wanda ya isa Bosso a watan Afrilu ya ga gadon Komadugu ya bushe, laka ta tsattsage kamar kaushin ƙafa, ba zai yarda akwai fure a wurin ba. Amma yana nan. Idan aka haƙa busasshen taɓon fadamar, ana iya cin karo da wani dunƙulallen tushe baƙi-baƙi, kusan girman ƙwan kaza. Saiwar bado ke nan. Ganye da fure sun mutu da janyewar ruwa, ita kuwa ta tara abinci a cikinta tana jiran kogi ya dawo. Shi ya sa masana tsirrai suke sa bado cikin masu shekara da shekaru, saɓanin gero da ke ƙarewa da damina ɗaya.

Ruwan da yake jira daga nesa yake zuwa. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Nijar da Najeriya, ya wuce Diffa, ya faɗa Tafkin Chadi kusa da Bosso, Malam Fatori na tsallake. Saboda tsawon tafiyar, kogin ba ya cika sai damina ta wuce, wajen Nuwamba. Lokacin da manoman tattasai suka duƙufa da ban ruwa, lokacin ne kududdufan gefen kogi ke rufewa da faffaɗan ganye.

Mutane kan ce bado kawai, alhali ba iri ɗaya ba ne. Akwai fari, wanda masanin Suwidin Linnaeus ya raɗa wa suna Nymphaea lotus a 1753. Ka ɗago ganyensa ka duba: bakinsa haƙora-haƙora ne kamar zarto, bayansa da jijiyoyi manya a fili. Da magariba furensa ke buɗewa, ya kwana a buɗe, ya rufe da hantsi. Akwai kuma shuɗi, mai santsin bakin ganye, wanda shi da safe yake buɗewa ya rufe bayan rana ta take. Masunci da ya fita duba koma da asuba yakan iske farin yana shirin rufewa, shuɗin yana shirin buɗewa.

Buɗewar dare tana da dalili. Wani ƙwaro dangin buzuzu ne ke yi wa farin bado barbara. Ƙamshi ke jawo shi. A daren farko ɓangaren mace na furen ne ke shirye, sai a darare na gaba garin namiji ya fito, don haka ƙwaron da ya kwaso gari daga tsohon fure yakan kai shi ga sabo. Karan ganyen kuma cike yake da ƙananan hanyoyin iska. Yaran bakin kogi sun san haka, domin sukan tsinke shi su busa ta cikinsa su ga kumfa a ruwa. Ta nan saiwar da ke binne cikin laka take samun numfashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ke biyo bayan barbara. Karan furen yakan lanƙwashe ya nutsar da shi, ɗan ya nuna a ƙarƙashin ruwa inda tsuntsu ba ya gani. Yana kai girman lemun tsami ko ya fi. Ka yanka shi biyu, za ka ga ɗaki-ɗaki kamar na lemu, kowane ɗaki maƙil da ƙwayoyi cikin yauƙi. Idan ya nuna sarai sai ya ruɓe ya fashe. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wata 'yar riga mai riƙe iska, ita ke taso da ita sama, iska da igiyar ruwa su kai ta wani lungu. Rigar na ruɓewa, ƙwayar ta nutse ta kwanta a laka.

To yaya ake gane irin bado idan an gan shi a faifai? Ƙanana ne ƙwarai, ba su kai ƙwayar gero ba, sun fi kusa da acca, tsawonsu bai wuce milimita 2 ba. Siffarsu kamar ƙwai ce, ba su da ƙyallin irin alayyafo, ba su da faɗin riɗi. Da gilashin ƙara girma za a ga layuka a jere daga kai zuwa gindi, da ɗan gashi-gashi a kansu. Mai son tabbatar da wane bado ne kada ya tsaya ga launin ƙwaya. Ya ɗebo ɗan tare da ganyensa, bakin ganyen ne shaida. Kada kuma a rikita shi da lotus na Asiya da ake gani a hotunan intanet: wancan dangi ne dabam, ƙwayarsa ta kai gurjiya, da tauri har an taɓa tsirar da wadda ta yi shekara kusan 1,300 a busasshen tafki a ƙasar Sin.

Ƙwayar nan abinci ce. Ana tara 'ya'yan, a shanya, a daka, a bakace, a yi kunu ko tuwo. Saiwar kuma a dafa ko a gasa. Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, marubucin Girka Herodotus ya ba da labarin Misirawa suna shanya bado suna daka cikinsa su yi gurasa. Abin takaici, a wurinmu an liƙa masa sunan abincin yunwa, har wasu suna jin kunyar a ce sun ci. Ni ban ga abin kunya a hatsin da ba a nome shi ba, ba a zuba masa taki ba, kuma yake nuna bayan an gama girbin gero.

Rayuwarsa dai a hannun ruwa take. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya rabu biyu a farin 1973, ɓangaren arewa, na wajen Bosso, ya sha ƙafewa bayan nan. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwan ke gangarowa. Inda ruwa ya daina hawa da sauka, ciyawar kachalla ce ke mamaye wurin ta hana bado rana. Sannan rikicin Boko Haram, tun daga Fabrairun 2015, ya raba dubban iyalai da gaɓar tafkin, yara da yawa sun girma a sansani ba su taɓa busa karan bado ba.

Jami'ar Diffa, da aka kafa a 2014, tana da ɗaliban noma da muhalli, kuma tsofaffin matan Kanuri da Buduma da suka san wane kududdufi ke ba da wane iri suna nan cikin garin. Aikin tattara samfurin bado tare da su ba ya son kuɗi da yawa: ambulan takarda, alƙalami, ganye ɗaya a matse tsakanin jaridu, da sunan wurin da ranar da aka ɗebo. Lokacinsa kuwa daga cikar kogi ne zuwa sanyin Janairu, kafin kududdufan su janye.